Shabana Azmi: daɓe ne ya riƙe ta shekara hamsin, ko gata ne?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare ƙannena suka kunna wani fim ɗin Indiya na 2023, wanda Ranveer Singh da Alia Bhatt suka ja. Ni ba kallo nake ba, waya nake dannawa, sai na ɗaga kai na ga Dharmendra a keken guragu tare da wata dattijuwa. Fuskarta ta yi ta yi min gizo. Babanmu ya zo wucewa da buta a hannu, ya tsaya ya ce, "Kai, wannan ai ta Vinod Khanna ce a Amar Akbar Anthony." Ashe Shabana Azmi ce. Daga 1977 zuwa 2023 fa, shekara 46 ke nan, kuma ba a ɗauko ta don cike gurbi ba, labarin ma a kanta ya rataya. Wani abokina ya ce sirrin shi ne 'yar wasan daɓe ce, wanda ya saba tsayawa gaban jama'a ba ya tsufa a sana'ar. Gaskiya ne? In haka ne, me ya sa namu jaruman mata da wuya su shekara goma ana yayinsu?

Dattijo_Birged:
Wa alaikumus salam. Abba, ka gaida min Malam, ka ce idonsa bai tsufa ba. Mu da muka sha layin tikiti a Plaza da Eldorado mun san ta, amma in faɗa maka gaskiya ba ita muke zuwa gani ba. Hema Malini muke zuwa gani, da Rekha, da Zeenat Aman. A Amar Akbar Anthony ɗin ma Parveen Babi ce ta Amitabh, Neetu Singh ta Rishi Kapoor wanda muke kira Mace, ita kuwa Shabana aka ba ta yarinyar da ake tilasta wa damfarar mutane har ɗan sanda ya kama ta. Ba ta iya rawa kamar sauran ba, kuma a lokacin jarumar da ba ta rawa ba ma riƙe sunanta.

Ummu_Khalifa:
Baba Dattijo, a yi min afuwa, ku maza ne kuka manta da ita. Mu mata fim ɗin Avtaar ya hana mu mantawa. Ita da Rajesh Khanna suka sha wahala suka raini 'ya'ya, da 'ya'yan suka yi aure suka juya musu baya, sai yaron gidansu ne ya riƙe su. A gidanmu ranar da aka kawo kaset ɗin nan Innarmu sai da ta jiƙa bakin zanenta da hawaye, ta juya ta ce wa yayyena maza, "Kun dai gani." A 1983 aka yi shi, ita kuma haihuwar 1950 ce. Mace mai shekara talatin da 'yan kai ta yarda a shafa mata furfura ta fito tsohuwa tukuf. Wace jaruma ce za ta yarda da haka tana tsaka da tashe?

Zainab_Samaru:
Yaya Abba, abokinka ya kama gaskiya ta wutsiya. Ba daga daɓe ta shiga fim ba. Ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta a kwalejin St. Xavier's da ke Bombay, daga nan ta tafi makarantar koyon fim ta gwamnati da ke Pune, ta fito ita ce kan gaba a ajinsu. Fim ɗinta na farko da ya fita shi ne Ankur na Shyam Benegal a 1974, kuma da shi ta ɗauki lambar yabo ta ƙasa ta gwarzuwar jaruma. Amma a cikin daɓe aka raine ta, wannan babu musu. Mahaifiyarta Shaukat Azmi 'yar wasan daɓe ce ta gaske, mahaifinta Kaifi Azmi kuma mawallafin waƙoƙin Urdu ne. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa tun tana jaririya ake goya ta a tafi wajen atisaye, da ta ɗan tasa kuma in ana buƙatar yara a cikin taro sai a sa mata kaya a tura ta kan dandamali.

Mai_Gaskiya99:
To ai kin kashe maganar da kanki. Gata ne. Uba sananne, uwa sananniya, ƙaninta Baba Azmi mai ɗaukar hoto a masana'antar, miji Javed Akhtar wanda shi da Salim Khan suka rubuta Sholay. Ko Tabu 'yar gidansu ce. Wanda aka haifa a gindin murhu ai ba ya kwana da yunwa.

Nura_Pune:
@Mai_Gaskiya99 gatan suna dai, ba na kuɗi ba. Kaifi ɗan jam'iyyar kwaminis ne, kuma har Shabana ta kai shekara tara a wani gidan haɗaka na 'yan jam'iyya suke zaune, ana ce masa Red Flag Hall, kowane iyali ɗaki ɗaya, banɗaki na kowa da kowa. Irin gidan hayar da muka sani dai. Javed kuma a 1984 ta aure shi, lokacin ta shekara goma tana fim, lambobinta a hannu. Sai dai in ka ce gatan tarbiyya, a nan na yarda, don yaron da ya tashi manyan marubuta na shan shayi a ɗakin ubansa ba ɗaya yake da ni da kai ba.

Abba_Fagge:
Lambobin nan guda nawa ne wai?

Zainab_Samaru:
Na ƙasa biyar. Ankur, sai uku a jere: Arth, Khandhar da Paar, sai Godmother na 1999. Babu macen da ta kai wannan adadin a wannan rukunin.

Dattijo_Birged:
Ka ji ko? A cikin biyar ɗin nan ko ɗaya ban taɓa gani a allon sinimar Kano ba. Masu kawo fim sun san abin da muke so: faɗa, waƙa, uwa ta ɓata da 'ya'yanta a haɗu a ƙarshe. Shi ya sa Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi a bakinmu, ita kuwa ko laƙabi ba mu ba ta ba. Ashe muna can muna tafa wa masu naushi, wata Indiyar na gefe ba mu sani ba.

Nura_Pune:
Haka ne Baba. Hanya biyu take bi lokaci guda. Tana yin na kasuwa, irin su Fakira da Parvarish, ta samu na cefane da suna, sannan ta koma wajen su Benegal da Mrinal Sen da Goutam Ghose ta yi waɗanda ba waƙa ba rawa, kuɗin kaɗan. Ni Paar ne ya tsaya min a rai. Ita da Naseeruddin Shah talakawa ne da suka gudo daga ƙauye a Bihar, yunwa ta ci su a Kalkata, suna neman kuɗin komawa gida, sai aka ba su aikin tsallakar da garken aladu a wani ƙaton kogi da iyo, ita kuma ga ciki. Kusan ba magana a wajen, sai haki da ruwa da kukan dabbobi. Da suka kai gaɓa ya kara kunnensa a cikinta yana sauraron ko ɗan na motsi. Na kalla a ɗakin kwananmu na makaranta, muka yi tsit mu shida, har mai surutun cikinmu.

Game da daɓe kuma, na taɓa shiga gidan wasa na Prithvi a unguwar Juhu a Mumbai. Ba ita na gani ba, wani wasa ne daban, amma na fahimci abin da abokin Abba yake nufi. Wurin ƙarami ne, mutum ɗari biyu ne da 'yan kai, kujeru sun zagaye dandamali ta gefe uku. Ina jin numfashin ɗan wasa, ina ganin gumin wuyansa. In ka yi ƙarya a wajen nan take za a gane.

Sadiya_K:
Can ne mamanta ta yi aiki ko?

Zainab_Samaru:
A'a, suna ne ya zo ɗaya. Mamanta ta yi aiki da ƙungiyar Prithviraj Kapoor, wadda ya kafa a 1944 suna yawo gari-gari da wasanni. Ginin da Nura ya shiga ɗansa Shashi Kapoor da matarsa Jennifer ne suka gina shi a 1978 don tunawa da shi. Amma a wannan ginin aka fara wasan da ya fi fito da Shabana a daɓe, Tumhari Amrita, a 1992.

Bari in ɗan tsaya a kansa don shi ne amsar tambayar Yaya Abba. Mutum biyu ne kacal, ita da Farooq Shaikh, wanda tun a kwaleji suke wasa tare. Tebur biyu, kujera biyu, tarin wasiƙu. Ba tashi, ba sauya kaya, ba su ma fuskantar juna. Suna karanta wasiƙun da wata Amrita da wani Zulfikar suka rubuta wa juna tsawon shekara 35, tun suna yara har girma. Da murya da fuska kawai za ki nuna yarinya 'yar shekara takwas, ki nuna budurwa, ki nuna macen da duniya ta gajiyar. Sun shekara 21 suna yin sa a ƙasashe daban-daban. Na ƙarshe a Agra aka yi a Disambar 2013, a ƙarshen watan Farooq ya rasu a Dubai. A ajinmu a Drama Village malaminmu ya taɓa sa mu gwada irin wannan, mutum biyu a zaune da takarda. Wallahi minti biyar ban kai ba na ji 'yan kallo sun fara motsa kujeru.

Kamaramanka:
Zainab kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shekarata 11 ina riƙe kyamara a lokeshan. Bambancin wanda ya yi daɓe da wanda bai yi ba tun daga sallama ake gane shi. Wanda ya yi daɓe yana zuwa da maganarsa a ka, ya san inda zai tsaya, ya san yadda zai saurari abokin wasansa. Wannan sauraron shi ne abin da yawancin yaranmu ba su iya ba, jira kawai suke a gama su faɗi nasu. Akwai ranar da muka yi sin ɗaya sau goma sha huɗu saboda wata jaruma, ba zan kama suna ba, layi uku ya gagare ta, ana karanto mata daga bayan kyamara tana maimaitawa, rana na faɗuwa, darakta na kallon agogo. Wata dattijuwa da ta fito uwarta, wadda ta taso a wasan talabijin na da, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, duk sanda aka ce a sake sai ta sake zubo hawaye sabo. Da aka tashi sallama kuɗin mota aka ba ta da ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Ummu_Khalifa:
Allah sarki. Wannan ya tuna min hirar da BBC Hausa ta yi da Ladin Cima a 2022, kan abin da ake biyan dattawa, wadda ta tada ƙura kwana da kwanaki.

Kamaramanka:
Anti, kar mu buɗe wannan babin, zaren zai ƙone.

Ɗan_Maraɗi:
Ina gaida mutanen Najeriya. Ni ban yarda a ce ba mu da daɓe ba. A nan wajenmu, zamanin da ake gasar wasannin matasa ta ƙasa, kowace jiha da ƙungiyarta, kuma wanda ya ga su Yazi Dogo a kan dandamali ya san ba wasan yara ba ne. Ku ma can, su Samanja da Ƙasimu Yero ai ba daga sama suka faɗo ba, kuma ƙungiyar Tumbin Giwa da ta yi Turmin Danya a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ce tun kafin kaset. Abin da ya faru, kaset na zuwa aka watsar da daɓen gaba ɗaya. Su Indiyawa ba su watsar ba. Mace mai lambar ƙasa huɗu a lokacin ta koma ta zauna gaban mutum ɗari biyu tana karanta wasiƙa, me take nema in ba kaifin sana'a ba?

Hajiya_Talatu_Rtd:
'Ya'yana, ni malamar makaranta ce, shekara 32 na yi kafin in ajiye alli, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo a makarantar 'yan mata da na fi daɗewa. Ranar rabon kyaututtuka muke yi, a ɗakin cin abinci, mu haɗa tebura mu rufa da barguna, labule kuwa zannuwan gado ne. Wata shekara ina da yarinya mai kunya, ko a aji ba ta ɗaga hannu, na ba ta uwar miji. Ana tsaka da wasa wuta ta ɗauke. Ni na riƙe kai na ce shi ke nan. Sai na ji muryarta cikin duhu, ba ta fita daga wasan ba, ta ce wa mai fitowa a surukarta, "Ke ko fitila ba ki iya kunnawa ba a gidan nan?" Ɗaki ya ɗauki shewa, aka kawo aci-balbal aka ƙarasa. Wannan ba a koyon sa gaban kyamara. Yarinyar tana gama makaranta aka yi mata aure, ban sake jin ta yi wasa ba, kuma ban ga laifin kowa ba, haka tsarinmu yake. Shi ya sa nake ganin tambayarka ta biyu, Abba, amsarta ba a daɓe take ba.

Abba_Fagge:
Na gode Hajiya. Wato aure ne?

Sadiya_K:
Aure ne mana, kowa ya sani. A nan jaruma na yin aure sai ta bar fitowa, in auren ya mutu ta dawo a yi ta yi da ita. Shabana ta yi aure tana da shekara 34 ta ci gaba da aikinta, har ita da mijin suka hau dandamali tare a 2006 suna karanta labarin iyayenta, ita a matsayin uwarta, shi a matsayin ubanta.

Mai_Gaskiya99:
Sai ku yi ta yabo kamar ba ta da tabo. Shi Javed ɗin da matarsa Honey Irani da 'ya'ya biyu, Farhan da Zoya, lokacin da suka fara. Wannan ɗaya. Na biyu, ba ita ce ta yi Fire ba? Fim ɗin da facaloli biyu suka koma neman juna? Ko a Indiya sai da aka farfasa gidajen sinima a 1998 saboda shi. Wannan ce za a kawo mana a matsayin abin koyi?

Ummu_Khalifa:
A nan kam ina bayanka. Ban kalle shi ba kuma ba zan kalla ba. Amma maganar mai mata ya ƙara aure, Malam, a zauren Hausawa kake kawo wannan a matsayin tabo? Mu yi dariya ko mu yi shiru?

Mai_Gaskiya99:
Ba ƙari ya yi ba Hajiya, rabuwa suka yi da ta farkon.

Nura_Pune:
Babu wanda ya ce a yi koyi da duk abin da ta yi. Tambayar Abba a kan daɗewa a sana'a ce. Kuma in za a faɗi wancan a faɗi wannan: a 1986 ta yi yajin cin abinci na kwana biyar saboda talakawan da aka rushe wa matsuguni a Bombay, har gwamnati ta ba su wani fili. A 1989 ta hau mumbarin bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa a Delhi, gaban manyan gwamnati, ta yi tir da kisan Safdar Hashmi, ɗan wasan da aka kashe yana tsaka da wasa a kan titi. Daga 1997 zuwa 2003 tana majalisar dattawan Indiya, shugaban ƙasa ne ya naɗa ta. Kuma har yau tana riƙe da ƙungiyar da mahaifinta ya kafa a ƙauyensu Mijwan a jihar Uttar Pradesh, inda 'yan mata ke karatu suna koyon ɗinkin hannu. Mutum ce mai taurin kai, abin da ya kai ta wancan fim ɗin shi ya kai ta yajin abincin.

Zainab_Samaru:
Taurin kan har da aske kai. A 2000 ta yi ƙwal-kwabo saboda fim ɗin Water, za ta fito bazawarar Hindu a Varanasi. Masu zanga-zanga suka lalata wurin ɗaukar, aka fasa. Daga baya aka yi shi a Siri Lanka da wasu 'yan wasan. Ta yi asarar gashi a banza.

Sadiya_K:
Innalillahi. Ni ko miliyan nawa ne ba zan aske ba.

Dattijo_Birged:
Ku tsaya, ina Smita Patil a wannan hira? Don ƙanina da ya yi karatu a can ya ce ita ce ta fi ta.

Nura_Pune:
Baba, wannan gardamar har yau ba ta mutu ba a Indiya. Tare suka fito a Arth, Shabana matar gida, Smita wadda mijin ya koma wa. Akwai wajen da Shabana ta kira ta a waya tana roƙon ta bar mata mijinta, muryarta na rawa, tana ƙasƙantar da kanta. A ƙarshe mijin ya dawo yana neman gafara, ta tambaye shi in da ita ce ta yi haka zai karɓe ta? Ya ce a'a. Ta juya ta tafi, kuma ba ta auri ɗayan da ke son ta ba. Ita Smita ta rasu a 1986 tana da shekara 31, bayan haihuwa. Da ta yi tsawon rai Allah kaɗai ya san yadda lissafin lambobin zai kasance.

Kamaramanka:
Ka ga wannan ma wani abu ne da ba mu lissafa ba: tsawon rai da lafiya. Ita Shabana a Janairun 2020 ta yi mummunan haɗarin mota a hanyar Mumbai zuwa Pune, ta kwanta asibiti, ta tashi ta koma aiki, har ta fito a shirin Halo na Amurka a matsayin babbar hafsar soja. Amma ni abin da na fi gani shi ne marubuta. Can ana rubuta wa tsohuwa labari. A Neerja na 2016 uwa ta fito, amma jawabinta na ƙarshe shi mutane suka fita da shi. Mu nan uwa aikinta ta zauna a falo ta ce "Allah ya yi maka albarka" ko "ban yafe ba", sin uku a sallame ta. Ko Shabana ka kawo Kano haka za mu yi mata.

Hajiya_Talatu_Rtd:
Ɗana mai kyamara, to ku rubuta mana. Mu tsofaffin muna da labari, ba a tambayarmu ne.

Ɗan_Maraɗi:
Hajiya ta gama magana. Amma ni har yanzu ina kan bakana, daɓen ne. Uwar Shabana ta fito a Umrao Jaan na 1981, 'yar ta zo ta hau wannan gurbin dai a sabon da aka yi a 2006. Abin gado ne da aka koya a bayan labule.

Mai_Gaskiya99:
Gado. Ka ga ka dawo kan maganata, gata.

Ɗan_Maraɗi:
Gadon sana'a daban, gata daban, malam. Ɗan maƙeri ma sai ya sha zafin wuta.

Abba_Fagge:
Na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta. Ya ce a gaya wa Dattijo_Birged shi a Marhaba ya kalla ba a Plaza ba, kuma wai ba a yi wa Shabana adalci ba, ta yi rawa a Fakira. Ni dai yanzu Arth nake nema. Akwai wanda ya san ko masu fassara sun taɓa juya shi zuwa Hausa?

Sadiya_K:
Fim ɗin da ba a naushi kowa ba? Sai dai ka nemi mai rubutun Turanci a ƙasa.

Ummu_Khalifa:
In ka samu ka turo min ta akwati, amma sai Abban Khalifa ya fita kasuwa zan kunna.